Abin Gani Da Abin Ci A Garin Potiskum

Sa'ad da na ke aji biyar a makarantar mishan, akwai wani littafi mai hotuna da malamarmu ta kan buɗe mana ran Juma'a in mun gama aiki da wuri. A cikinsa akwai labarin wani ƙaramin gari na bakin teku a ƙasar Japan. An jera wa baƙo abin da zai gani in ya je: ga inda masunta ke ɗaure jiragensu, ga kasuwar kifi mai ci tun da asuba, ga tsohon ɗakin ibada bisa tudu, sa'an nan ga irin abincin da zai ci da wurin da zai same shi. Na haddace jerin nan sarai, ko daga barci aka tashe ni zan kawo shi. Ban taɓa ganin teku ba, amma na san abin da a ke ci a bakinsa.

Bara, da aka ba mu hutu, abokin ɗakina, wani mutumin ƙasar Filato, bai sami kuɗin mota ba, sai na ce ya zo gidanmu ya yi hutun. Da muka kwana biyu ya ce mini, "To, ɗan gari, yaushe za ka zaga da ni in ga garin naku?" Na yi dariya na ce, "Wane gari? Ai ba abin gani a Potiskum sai ƙura da tirela." Ashe kawuna yana zaune a zaure bisa tabarma, yana jinmu. Shi kuwa dillalin shanu ne, tun ba a haife ni ba ya ke wannan sana'a. Ya kira ni, na je na durƙusa.

Ya ce, "Kai ɗan nan, kai ne za ka zama malamin makaranta?"

Na ce, "I, Kawu, in Allah ya yarda."

Ya ce, "To, ran da yaro ya tambaye ka abin da ke garinsu, haka za ka ce masa, ƙura da tirela? Mutane na tasowa daga Chadi da Ikko su zo garin nan ko wane mako, kai kana ciki ba ka ga abin da ke kawo su ba. Jibi Laraba. Ku shirya tun da sassafe."

Kunya ta kama ni ƙwarai, gama na ga gaskiyarsa. Abin da ya nuna mana ran nan, da abin da na bi na bincika daga baya, shi na ke so in rubuta wa 'yan'uwana ɗalibai, musamman waɗanda suka zo daga nesa. Da yawa cikinmu su kan yi shekara uku a nan ba su san ko ina ba sai ƙofar kwaleji da tashar mota. In sun koma gida aka tambaye su labarin garin, sai su ba da amsa irin tawa.

HANYOYI BIYAR

Kafin ka fita kallo, buɗe hannunka ka dube shi. Tafin hannun shi ne Potiskum, yatsun nan biyar kuwa su ne manyan hanyoyin da suka haɗu a cikinta. Ɗaya ta yi gabas zuwa Damaturu, babban birnin Jihar Yobe tun da aka yanke ta daga Jihar Borno a 1991, tafiyar kilomita kamar 100, ta zarce Maiduguri. Ɗaya ta yi yamma ta Azare zuwa Kano. Ta uku ta bi ta Kari da Darazo zuwa Bauchi da Jos. Ta huɗu ta yi kudu ta ƙasar Fika da Bajoga zuwa Gombe. Ta biyar ta yi arewa ta Jakusko zuwa Gashuwa.

In ka riƙe wannan, ka riƙe asirin garin. Daga arewa da gabas dabbobi da kifi ke sauko mana, daga ƙauyukan kewaye hatsi ke shigowa, daga yamma da kudu kuma masu saye ke zuwa da kuɗinsu. Tirelolin nan da na rena, su ne ke haɗa wannan da wancan. Potiskum ta yi suna a Nijeriya wajen sana'ar manyan motoci, har ba safai za ka sami unguwar da ba direba, ko yaron mota, ko makaniki, ko mai walda a cikinta ba. Wanda ya tsaya bakin hanya da maraice ya karanta sunayen garuruwan da ke jikin motocin nan, ya yi darasin labarin ƙasa ba tare da allo ba.

KASUWAR SHANU

In kwana ɗaya kaɗai gare ka, to, ya zama Laraba, ka kuma kashe shi a kasuwar shanu. Tana cikin manyan kasuwannin dabbobi na Afirka ta Yamma. Tun ran Talata garkuna ke fara isowa, waɗansu a mota, waɗansu a ƙasa, daga ƙasar Yobe da Borno, har daga Nijar da Chadi da Kamaru. Ka sa tufafin da ba ka jin tausayinsu, ka sa takalmi mai rufi, ka kuma nemi wanda ya san wurin ya shige maka gaba, don sa ba ya tambayar ko kai ɗalibi ne kafin ya kai maka ƙaho.

Da muka shiga, ni dai shanu kawai na ke gani, kamar yadda wanda bai iya karatu ba ya ke ganin baƙaƙe. Kawu ya tsai da mu ya fara rarrabe mana su. Ga Bunaji, fararen shanun Fulani masu baƙin hanci da baƙin kunne. Ga Rahaji, jajaye masu dogayen ƙahoni da dogayen ƙafafu, waɗanda Bororo ke yawo da su. Ga Bokolo, masu gajeren ƙaho da faɗin jiki, mahauta na son su sabo da nama. Ga Wadara, na Larabawan Shuwa. Ya ce in mutum ya yi sa'a ya kan ga Kuri, shanun tafkin Chadi masu kumburarren ƙaho, waɗanda su kan yi iyo daga tsibiri zuwa tsibiri neman ciyawa. A gefe guda ga tumaki: Balami farare manya, da Uda masu launi biyu, gaba duhu baya fari kamar an tsoma rabinsu a marina, da 'Yankasa irin namu na gida. Ga awaki, ga jakuna, ga raƙuma.

Sa'an nan ya koya mana yadda a ke duban dabba. Mai saye ba ya tambayar shekarun saniya, bakinta ya ke buɗewa. Saniya ba ta da haƙoran gaba a sama, sai a ƙasa, guda takwas. Maraƙi da ƙananan haƙora ya ke tashi. In ya kai wajen shekara biyu sai ya yi famfarar biyun tsakiya, manya su maye gurbinsu, daga nan su riƙa sauyawa bibbiyu har bakin ya cika wajen shekara huɗu zuwa biyar. Bayan wannan kuma gwargwadon cinyewar haƙoran a ke gane tsufa. Ya kan taɓa tozo da gindin wutsiya ya ji ƙiba, ya dubi hanci ya ga ko da danshi, gama busasshen hanci alamar rashin lafiya ne, ya kuma sa a kora ta ya ga tafiyarta.

Ciniki kuwa ba tsakanin mutum biyu ba ne, na uku ne ke ɗaure shi, watau dillali. Mai dabba ya kan danƙa ta hannun dillalin da ya saba da shi. Mai saye ya zo ya taya, dillali ya ce albarka, ya ƙara, a sake cewa albarka, har a kai inda mai ita zai ce ya sallama. Sai a biya la'ada. Da na ɗauka la'adar nan kuɗin surutu ne kawai, amma Kawu ya ce ba haka ba ne. Dillali shi ne shaida. Shi ya san wanda ya kawo dabbar da rugar da ta fito, in kuwa daga baya ta bayyana ta sata ce, wuyansa za a fara kamawa. Shi ke saukar da baƙon da ya zo daga nesa, ya ba shi wurin kwana, ya tsaya masa har ya karɓi kuɗinsa. Yanzu da yawa ta waya a ke tura kuɗin, ba a ƙirga takardu kamar da, amma har yau jarin dillali bai sake ba: amana ce. Ran da aka kama shi da ƙarya sau ɗaya, ya gama cin kasuwa.

Da rana ta yi tsaka sai kallo ya koma wurin lodi. A kan zuba yashi a cikin tirela don kada shanu su zame, 'yan lodi su jawo su ɗaya ɗaya su jera su, a ɗaure ƙahoninsu. Samari su kan hau bisa su zauna kan itatuwan da aka gicciya, su bi motar har inda za ta, don in saniya ta faɗi a hanya su tashe ta kafin 'yan'uwanta su tattake ta. Daga nan sai Ikko, sai Badun, sai Anaca, sai Fatakwal. A zamanin kakanninmu a ƙasa a ke kora su, tafiyar watanni, sa'an nan jirgin ƙasa ya kai Nguru a 1930 ya rage wahala, yanzu kuma mota ta karɓe. Abokina ya tsaya yana kallo ya ce, "Ashe naman da a ke ci a can kudu ta nan ya ke bi!"

Ba zan ɓoye muku ba, kasuwar nan ta ga baƙin ciki. Ran Laraba 2 ga Mayu 2012 'yan bindiga suka faɗa mata da maraice, suka kashe mutane masu yawa, dabbobi kuma suka ƙone. Ran 10 ga Nuwamba 2014 bam ya tashi a makarantar kimiyya ta gwamnati sa'ad da yara ke taron safe, ɗalibai fiye da 40 suka rasu. Ina yaro lokacin, amma ban manta yadda gari ya kan yi tsit tun kafin magariba ba. Mutanen nesa da yawa ba su san sunan Potiskum ba sai ta waɗannan labarai. Sabo da haka in ka tsaya cikin ƙurar kasuwar nan yau, ka ga Bafulatani da Babarbare da Bayarabe da Ibo suna tafa hannu bisa ciniki, ka sani kana kallon mutanen da aka so a watsa ne, suka ƙi watsuwa. Allah ya ji ƙan waɗanda suka rasu, ya ƙara mana zaman lafiya.

KASUWAR HATSI

Ba nisa da ta shanu akwai kasuwar hatsi, ita ma ta shahara, musamman wajen gero. Lokacin ganinta shi ne da kaka, daga Oktoba zuwa Disamba, sa'ad da buhunan gero da dawa da masara da wake da gyaɗa da riɗi ke tsibi kamar ganuwa. Ka tsaya wurin ma'auna ka ga yadda su ke cika kwano su yi masa tozo. Ka lura da farashi, ka rubuta, ka komo da bazara ka sake tambaya, za ka gane dalilin da ya sa manomin da ya sayar da hatsinsa duka da kaka ya kan sayi nasa da tsada da damina. Mu da za mu koyar a ƙauyuka, ya kamata mu san wannan lissafi, don shi ne ke hana yaro zuwa makaranta a watan Agusta.

FADA BIYU DA HARSUNA DA YAWA

Abin da ya kan ba baƙo mamaki shi ne gari ɗaya da fadar sarki biyu. Akwai fadar Mai Martaba Sarkin Fika, wanda Bolewa ke kira Moi Fika. Bolewa sun zauna bisa dutsen Daniski kafin su sauko garin Fika, can kudu da mu, a shekarar 1924 kuma, zamanin Turawa, aka maido hedkwatar masarautar nan Potiskum. A 2009 aka naɗa Alhaji Muhammadu Abali Ibn Muhammadu Idrissa bayan rasuwar mahaifinsa. Akwai kuma fadar Mai Martaba Mai Pataskum, ta Ngizimawa, tana cikin masarautun da Gwamna Bukar Abba Ibrahim ya tabbatar a shekarar 2000, tare da ta Tikau ta Karekare da ta Gudi ta Ngamo, waɗanda ke maƙwabtaka da mu. In za ka je ko wace fada, ka sa tufafi na mutunci, ka gai da dogarai, ka faɗi abin da ya kawo ka, ka tuɓe takalmi inda aka tuɓe, kada kuma ka ɗauki hoto sai ka nemi izini. Lokacin da ya fi kyaun kallo shi ne hawan salla, ran da a ke fito da dawaki da kayan adonsu, algaita da tambura na tashi. Shawara ɗaya zan ƙara: kai baƙo ne, ka gai da kowa, ka saurari tarihin kowa, kada ka mai da kanka alƙali a kan wanda ya riga wani zuwa.

Sunayen unguwanni ma tarihi ne: Bolewa, Hausawa, Yerimaram, Dogo Nini, Dogo Tebo, Tsohuwar Kasuwa. Da Hausa a ke ciniki, amma in ka kasa kunne za ka ji Bolanci da Ngizimanci da Karekare da Ngamo, ban da Fulatanci da Barbarci. Masana harshe sun nuna huɗun farkon nan dangin Hausa ne, asalinsu ɗaya, a na kiransu harsunan Chadi. Wani shehun malami Ba'amurke, Russell Schuh, wanda Hausawa suka laƙaba wa Malam Takalmi, ya zauna a garin nan yana koyon Ngizimanci, ya fitar da ƙamus ɗinsa a 1981. Daga baya shi da Alhaji Maina Gimba na Jami'ar Maiduguri da waɗansu 'yan ƙasa suka shirya ƙamus na waɗannan harsuna, aka buga a nan Potiskum a 2004. Mutum ya ƙetaro teku don harshen kakata, ni kuwa gaisuwa kaɗai na iya da shi. Wannan ma wata kunyar ce.

JIRGIN DUFUNA

Wanda ya sami hutun kwana biyu, akwai abin da ya cancanci ya hau mota dominsa. A 1987 wani Bafulatani makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna, wani ƙauye cikin ƙaramar hukumar Fune, kusa da kogin Komadugu Gana, sai ya ci karo da wani baƙin itace a zurfin mita 5. Da aka duba, ashe jirgin ruwa ne sassaƙaƙƙe daga gungume ɗaya na irin maɗaci, tsawonsa ya ɗara mita 8, faɗinsa rabin mita. A 1994 masana daga Jami'ar Frankfurt ta Jamus da Jami'ar Maiduguri suka tone wurin, a 1998 aka ciro shi aka kai Damaturu.

Yaya aka san shekarunsa? Ko wane itace mai rai yana ɗauke da wani sinadari wanda ke fara raguwa sannu a hankali daga ran da aka sare shi, bisa ƙa'ida sananniya. In an auna abin da ya rage sai a san daɗewarsa. Da aka auna guntayen jirgin a ɗakunan bincike biyu a Jamus, sai aka tarar ya kai shekara 8,000. Watau shi ne jirgin ruwa mafi tsufa da aka taɓa samu a Afirka, yana kuma cikin mafiya tsufa a duniya duka. Ya girmi dalar Masar da fiye da shekara 3,000. A wancan zamani tafkin Chadi ya fi na yanzu girma nesa ba kusa ba, ƙasar nan tamu mai ƙura kuwa ƙasar ruwa ce da masu jirgi. Da na ji haka sai na tuna da littafin malamarmu. Ina ta sha'awar jiragen mutanen Japan, ashe wanda ya girme su a arewa da gidanmu aka tono shi.

ABIN CI

Yanzu sai mu zo ga ciki, gama kallo ba ya maganin yunwa. Abincin gari daga kasuwarsa ya ke fitowa. Tun da kasuwanninmu na shanu ne da gero, to, abincinmu nama ne da nono da gero, sai kifin da ke zuwa daga arewa.

Da safe ka nemi mai ƙosai a bakin hanya, ka haɗa da kunun tsamiya ko na gyaɗa. In kana son abin da zai riƙe ka har azahar, ka nemi waina da miyar taushe, ko sinasir, wanda mutanen Borno suka fi ƙwarewa a kai. Ƙullin shinkafa ne kamar na waina, amma shi a kan zuba shi da faɗi a kasko, a rufe, gefe ɗaya kaɗai ke gasuwa, samansa ya fito fari da ƙananan huji. A na cinsa da miya, ko da zuma.

Da rana, musamman ran kasuwa, ba abin da ya kai fura da nono. A kan surfa gero a wanke, a daka shi da citta da kanumfari da masoro da ɗan barkono, a dunƙula garin a jefa cikin tafasasshen ruwa, in ya dahu a kirɓa a turmi, a cura, a barbaɗe da gari. Matan Fulani na zaune da ƙorensu a inuwa. Ka ce a dama maka da kindirmo, ka tsaya a dama a gabanka. A nan zan yi gargaɗi irin na malamin kiwon lafiya: ka dubi tsabtar ƙwarya da ludayi, ka kuma san ruwan da za a ƙara da ƙanƙarar da za a jefa, don yawanci ba furar ke ɓata ciki ba, ruwan ne.

Da la'asar hayaƙin mahauta ke tashi. Balangu shi ne naman da a ke gasawa manya manya bisa waya, a yayyanka maka a takarda da albasa da yaji. Tsire kuwa a kan soke shi a tsinke, a shafe shi da garin ƙuli-ƙuli da mai, a kafa kewaye da wuta. Ka zaɓi wanda ya sauko daga wuta yanzu, kada wanda ya kwana. Amma sarkinsu kilishi ne. A kan sami jan nama marar kitse, a feɗe shi falle falle kamar takarda, a shanya a rana ya bushe. Sa'an nan a tsoma shi cikin labu, watau kwaɓin tunkuza da albasa da kayan yaji, a sake shanyawa, daga bisani a ɗan nuna masa wuta. Bushewar nan ita ke sa ya yi watanni bai lalace ba, shi ya sa ya zama guzurin fatake tun da, ya kuma zama tsarabar ɗalibi yau.

Abincin da ya fi duka kuwa ba a sayar da shi a tasha, sai ka shiga gida. Daren Larabar nan innata ta yi mana burabusko. Gero ne a ke surfawa a wanke, a ɓarza shi tsaki tsaki, ba a mai da shi gari ba, a dafa shi har ya yi washar-washar, ba ya kama jikinsa kamar tuwo. Ta yi shi da miyar karkashi, mai yauƙi, wadda aka sa wa 'yar kanwa da daddawa da wake da banda, ta kuma zuba man shanu a kai. Bandar nan, watau kifin da aka ƙyafe da hayaƙi, daga wajen Gashuwa da Nguru a ke kawo ta, inda kogin Yobe da fadamun Haɗeja zuwa Nguru su ke, yawanci tarwaɗa ce. Abokina ya fara da ɗari-ɗari sabo da yauƙin, ya ƙare da suɗe kwano. Inna ta ce masa, "Ɗana, in ka ƙoshi ka ƙara, baƙon da bai ƙara ba bai yaba ba." Wata rana kuma tuwon dawa ne da miyar kuka, ko ta yakuwa, ko ɗanwake da mai da yaji. In abokin karatunka ɗan gari ya gayyace ka gidansu, kada ka ƙi. Ka wanke hannu, ka ci da dama, ka ci gabanka, in ka gama ka leƙa ka yi wa mai girki godiya.

Ran komawa gida, tsarabarka kilishi ne, da dakuwa, da dabinon Fika in lokacinsa ne.

ABIN DA YA SHAFE MU MALAMAI

Ba don yawon buɗe ido kaɗai na rubuta wannan ba. An koya mana a aji cewa a fara wa yaro da abin da ya sani, a kai shi ga abin da bai sani ba. To, yaya za mu yi haka in mu kanmu ba mu san abin da yaron ya sani ba? Da na je gwajin koyarwa bayan hutun nan, na zana hannu a allo na ce yara su sa wa yatsu sunayen hanyoyi. Yaron da bai taɓa ɗaga hannu ba, ɗan wani direba, shi ya kawo su duka biyar, har ya ƙara mini garuruwan da ke tsakani. A darasin lissafi muka yi la'adar dillali da farashin buhu da kaka da bazara. Ran nan ba wanda ya yi gyangyaɗi.

Shawarata ita ce, ko wane ɗalibi ya ware Laraba ɗaya kafin ya gama kwalejin nan, ya nemi izini, ya sami ɗan gari ya shige masa gaba, ya tafi da littafi da fensir. Ina kuma roƙon Edita ya ba da fili a fitowa ta gaba, ko wane ɗayanmu ya rubuto abin gani da abin ci na garinsu. Abokina ya riga ya fara nasa, ya ce da dankalin Turawa da acca da duwatsu zai buɗe.

Da na kai wa Kawu wannan takarda na karanta masa, ya saurara har ƙarshe, ya gyara mini wuri biyu a zancen haƙora, sa'an nan ya ce, "To, yanzu ka fara zama malami. Saura ka koyi harshen kakarka." Na ce, "To, Kawu." Allah ya ba mu ikon sanin gida kafin dawa, amin.